Neman Shaidar Tsaron Intanet Ana Tsaka da Aikin Tallafin Kwamfuta: Muhawara Daga Lugbe

Lugbe unguwa ce da ke kan babbar hanyar Umaru Musa 'Yar'aduwa, wadda ta tashi daga ƙofar birnin Abuja ta nufi filin jirgin sama na Nnamdi Azikiwe, kuma tana ƙarƙashin ƙaramar hukumar birni da kewaye ta AMAC. Asalinta ƙasar Gbagyi ce, amma tun da Hukumar Gidaje ta Tarayya ta gina rukunin gidajenta a wurin, kamfanonin gine-gine masu zaman kansu suka biyo baya, sai ta bunƙasa ta haɗe da Tudun Wada da Sabon Lugbe da Pyakasa, ta zama makwancin ma'aikatan da kuɗin hayar Maitama da Wuse da Garki ya fi ƙarfinsu. A gefen wannan hanya Cibiyar Sararin Samaniya ta Obasanjo take, inda hukumar NASRDA da kamfanin tauraron ɗan'adam na NIGCOMSAT suke da mazauni, kuma a Lugbe ɗin Muryar Najeriya ta kafa tashar watsa shirye-shiryenta. Cikin dubban mutanen da ke sammako su tsaya a bakin titi suna jiran motar shiga gari, akwai matasa maza da mata masu aikin tallafin kwamfuta, wato ma'aikatan sashen ICT da ake kira idan firinta ta ƙi aiki, ko intanet ta ɗauke, ko wani ya manta kalmarsa ta sirri, ko aka kawo sabuwar kwamfuta ana so a ɗora mata manhajoji. Suna aiki a ma'aikatu da asibitoci da makarantu da otal-otal da ƙungiyoyin agaji, kuma da yawa a ofis injiniya ake ce musu, ko da yake albashinsu bai kai girman sunan ba.

Tambayar da ta daɗe tana raba kan waɗannan matasa da masu ba su shawara ita ce: ya dace mai irin wannan aiki ya ware kuɗi da dare da ranakun hutunsa domin neman takardar shaida ta matakin farko a fannin tsaron intanet, ko kuwa asarar dukiya da lokaci ce da kamfanonin sayar da jarrabawa suka ƙawata masa? Tsaron intanet a nan yana nufin dukkan dabarun kare kwamfutoci da hanyoyin sadarwarsu da bayanan da ke cikinsu daga masu kutse da 'yan damfara, har ma daga sakacin masu amfani da su. Takardar shaida kuwa, wadda aka fi kira satifiket, ta bambanta da digiri ko difloma, domin ba jami'a ce ke bayar da ita ba, wani kamfani ko ƙungiyar ƙwararru ce ke tsara manhajar karatu, ta yi jarrabawa guda, ta shaida cewa wanda ya ci ya san abin da ke cikinta.

Wadda ta fi shahara a matakin farko ita ce Security+ ta ƙungiyar CompTIA da ke Amurka, wadda aka fara bayarwa a 2002, aka kuma fitar da zubinta mai lamba SY0-701 a Nuwamban 2023. Jarrabawar ba ta wuce tambayoyi 90 a cikin minti 90, kuma sai mutum ya sami maki 750 a ma'aunin da ya tsaya a 900 kafin a ce ya ci. Wasu tambayoyin na zaɓi ne, wasu kuma na gwaji, inda za a kwaikwayi wata matsala a allo a ce ya warware. An kasa manhajar gida biyar, kuma kaso mafi tsoka, wato kashi 28 cikin 100, na ayyukan tsaro na yau da kullum ne, sai barazana da raunin na'urori da hanyoyin toshe su da kashi 22. Akwai kuma CC ta ƙungiyar ISC2, wadda aka ƙaddamar a 2022 tare da alkawarin ba mutum miliyan ɗaya horo da jarrabawa kyauta, sai dai wanda ya ci yana biyan dala 50 kowace shekara domin riƙe matsayinsa. A Mayun 2023 kamfanin Google ya fito da nasa kwas a dandalin Coursera, wanda shaidar kammala karatu ce, ba jarrabawar da ake zaunawa gaban mai sa ido ba. Manyan shaidu irin CISSP ba sa cikin wannan muhawara, domin ita sai mai shekara biyar yana aikin tsaro ake ba cikakkiyarta.

Masu goyon bayan neman satifiket sukan fara kafa hujja da dokokin ƙasa, kuma hujja ce mai nauyi ga mazaunin Abuja, tun da hukumomin da ke aiwatar da dokokin duk a birnin suke. Dokar Hana Laifukan Intanet ta 2015, wadda aka yi wa gyara a 2024, ta wajabta wa masu gudanar da tsarin kwamfuta su kai rahoton kutse ga cibiyar ngCERT da ke ƙarƙashin ofishin Mai Ba da Shawara Kan Tsaron Ƙasa, kuma gyaran ya rage wa'adin daga kwana bakwai zuwa awa 72. Dokar Kare Bayanan Jama'a da aka sa wa hannu a Yunin 2023 ta kafa hukumar NDPC, ta kuma ɗora wa manyan masu riƙe bayanan mutane nauyin naɗa jami'in kare bayanai da sanar da hukumar idan bayanan sun fita. Tun 2018 Babban Bankin Najeriya ya fitar da tsarin da ya tilasta wa bankuna da kamfanonin hada-hadar kuɗi naɗa babban jami'in tsaron bayanai. A ganin wannan ɓangare, duk dokar da ta ɗora wa ma'aikata nauyi ta buɗe gurbin aiki, kuma asibiti ko makaranta ko ƙaramin bankin da ba zai iya ɗauko ƙwararre mai tsada daga Legas ba, ɗan sashen ICT ɗin da ke hannunsa zai waiwaya, muddin yana da abin da zai nuna. Sukan ƙara da cewa gwamnati da kanta ta amince da buƙatar, domin tsaron intanet na cikin darussan shirin 3MTT na horar da mutum miliyan uku, wanda ministan sadarwa Bosun Tijani ya ƙaddamar a ƙarshen 2023.

Hujjarsu ta biyu ta fi ta farko ƙarfi, ko da yake ba a cika jin ta a tallace-tallacen cibiyoyin horaswa ba. Ita ce cewa mai aikin tallafi ya riga ya shiga aikin tsaro, ya sani ko bai sani ba, domin shi ke buɗe wa sabon ma'aikaci asusu, shi ke rufe na wanda ya bar aiki, shi ke sauya kalmar sirri, shi ke ɗora facin manhaja, wato gyaran da kamfani ke fitarwa domin toshe wata kafa da aka gano. Manyan ɓarnar da duniya ta gani a 'yan shekarun nan ta waɗannan ƙananan ƙofofi suka shigo. A Mayun 2017 manhajar WannaCry, wadda ke kulle bayanai ta nemi kuɗin fansa, ta kama kwamfutoci sama da 200,000 a ƙasashe kusan 150, ta durƙusar da asibitoci da dama a Ingila, alhali kamfanin Microsoft ya fitar da facin kafar tun watan Maris, ba a dai ɗora ba. A Satumban 2023 rahotanni suka nuna cewa masu kutse sun shiga kamfanin otal-otal na MGM a Amurka ta hanyar bugo waya teburin taimako suna kwaikwayon wani ma'aikaci, kuma kamfanin ya ƙiyasta asararsa da kimanin dala miliyan 100. Bayan hare-haren da suka faɗa wa shagunan Marks & Spencer da Co-op a Afrilun 2025, cibiyar tsaron intanet ta Birtaniya ta shawarci kamfanoni su sake duba yadda masu tallafi ke tabbatar da mutum kafin su sauya masa kalmar sirri. Wannan darasi ya shafi Najeriya kai tsaye, inda ƙaramin ma'aikaci ke jin nauyin ce wa oga ya dakata a tantance shi, kuma inda murya a waya ta ce daga ofishin darakta take ta isa a buɗe abin da bai kamata a buɗe ba. Wanda ya karanta manhajar Security+ zai san sunan wannan yaudara da salonta, zai san ƙa'idar ba kowa iyakar izinin da aikinsa ke buƙata, zai kuma san amfanin tantancewa mai matakai biyu, inda kalmar sirri ita kaɗai ba ta isa ba sai an haɗa da lambar da ke zuwa wayar mai asusun. Saboda haka, in ji masu wannan ra'ayi, karatun yana fara biyan kansa tun kafin a zauna jarrabawa.

Akwai kuma batun wanda ba shi da kowa. A garin da ake yawan cewa aiki sai da hanya, takardar da ake iya tabbatar da ingancinta a shafin ƙungiyar da ta bayar ita ce ke tsaya wa ɗan talaka a gaban mai tace takardun neman aiki, wanda sau da yawa ba masanin kwamfuta ba ne, sunayen shaidun da aka rubuta masa kawai yake nema. Ƙungiyoyin ƙasa da ƙasa da ofisoshin jakadanci da ke Abuja sun san waɗannan sunaye, haka ma kamfanonin waje masu ɗaukar ma'aikata daga nesa. Darajar Security+ a duniya ta samo tushe ne daga Ma'aikatar Tsaron Amurka, wadda ta sa ta cikin shaidun da take karɓa daga ma'aikatanta da 'yan kwangilarta.

Masu adawa ba su musanta yawancin wannan ba, amma suna cewa an manta da aljihu. Kuɗin jarrabawar Security+ ya kai kimanin dala 400, kuma kafin a saki naira ta nemi farashinta a kasuwa a Yunin 2023, dala tana kusan naira 460 a farashin gwamnati, sai ga shi a farkon 2024 ta haura naira 1,500. A wannan farashi jarrabawa guda ta tasam ma naira 600,000, wato fiye da wata takwas na mafi ƙarancin albashin naira 70,000 da aka amince da shi a Yulin 2024, kuma wanda ya faɗi sai ya sake biya. Wannan bai haɗa da kuɗin littafi da data da tambayoyin gwaji ba. Ko biyan kuɗin ma ya kasance wahala, domin bankuna da yawa sun dakatar da amfani da katin naira wajen sayayya daga waje tsawon lokaci, abin da ya jefa ɗalibai hannun dillalai masu ƙara nasu kaso. Bayan haka shaidar ba ta dindindin ba ce, shekara uku take yi, sai a sabunta ta da ƙarin karatu da ƙarin kuɗi, duk da dala. Matashin da ke biyan haya a Lugbe, yana tura wa iyaye abin cefane, yana kuma biyan kuɗin motar da ya ninka tun bayan cire tallafin man fetur a 29 ga Mayun 2023, idan ya zuba kwasar adashinsa gaba ɗaya a takarda ɗaya, ya yi kasadar da masu wannan ra'ayi ke ganin ba ta dace da mai ƙaramin ƙarfi ba.

Lokaci ma jari ne, kuma a nan yanayin unguwar ya shigo cikin muhawarar sosai. Mai aiki a tsakiyar birni yana barin gida da sassafe domin ya riga cunkoso, yana dawowa bayan magariba, kuma aikin tallafi ba ya ƙarewa da tashi daga ofis, domin waya na iya ƙara a kowane lokaci a ce imel ɗin shugaba ya ƙi buɗewa. Abin da ya rage masa shi ne tsakanin isha'i da barci, ko bayan asuba, kuma a waɗannan sa'o'i ba shi da tabbacin wutar kamfanin AEDC, sai ya dogara da janareto ko sola ko batirin kwamfutarsa. Matar aure mai wannan aiki nauyinta ya fi haka, domin sa'o'in da namiji ke ware wa karatu su ne nata na girki da yara. Jarrabawar da ake yi daga gida tana buƙatar ɗaki shiru da kyamara da intanet da ba za ta yanke ba, abin da ya sa da yawa suka gwammace su je cibiyar jarrabawa ta Pearson VUE a cikin gari. Karatun kuma da Turanci ne, Turancin da ke cike da gajerun haruffa da tambayoyi masu lanƙwasa, wanda ke iya kayar da mutumin da ya san aikin da hannunsa. Taura biyu ba ta taunuwa, in ji masu adawa, kuma wanda ya kwana yana haddar sunayen hanyoyin ɓoye bayanai ya wayi gari yana gyangyaɗi a bakin aiki, ya tauye haƙƙin wanda ke biyansa albashi, ya kuma sa abincinsa na yau cikin haɗari saboda na gobe da ba shi da tabbas.

Sukar da ta fi kowace zafi ita ce ta guraben aikin kansu. Ƙungiyar ISC2 ta ce a 2024 duniya na da giɓin ma'aikatan tsaron intanet kusan miliyan 4.8, kuma wannan adadi ya zama abin da kowace cibiyar horaswa ke kafawa a tallarta. Sai dai adadin ƙiyasi ne na mutanen da ake ganin ana buƙata, ba lissafin guraben da aka tallata aka ware musu albashi ba, kuma binciken na waccan shekarar da kansa ya nuna cewa rashin kasafin kuɗi ne babban dalilin ƙarancin ma'aikatan. Ba laifi ba ne a tuna cewa ƙungiyar da ta fitar da adadin ita ma jarrabawa take sayarwa. Haka adadin hare-hare kusan miliyan 13 da tsohon minista Isa Ali Pantami ya ce an kai wa Najeriya a lokacin zaɓen shugaban ƙasa na Fabrairun 2023 yana nuna girman barazana, amma barazana daban, kasafin ɗaukar ma'aikata daban. Aikin farko da mai sabuwar shaida ke hari shi ne na mai sa ido a cibiyar lura da tsaro, wato ɗakin da ake zama dare da rana ana bin ƙararrawar da na'urori ke bugawa, kuma irin waɗannan cibiyoyi sun fi yawa a bankuna da kamfanonin sadarwa da na fasahar kuɗi, waɗanda mafi yawan hedikwatocinsu a Legas suke. Abuja garin gwamnati ne, kuma a aikin gwamnatin tarayya digiri da takardar hidimar ƙasa ne ke sa mutum a mataki na 8, satifiket ɗin kamfanin waje ba ya ɗaga shi mataki shi kaɗai. Ko CompTIA da kanta tana ba da shawarar mutum ya mallaki ilimin Network+, shaidarta ta hanyoyin sadarwa, da kimanin shekara biyu na aikin kula da tsarin kwamfuta kafin ya zauna Security+, abin da ke nuna cewa matakin farko na tsaro ba matakin farko na aikin kwamfuta ba ne.

A nan muhawarar ta haɗu da wata tsohuwar taƙaddama da Arewa ta sha yi, musamman bayan littafin da Pantami ya wallafa a 2022 kan fifita ƙwarewa bisa digiri kawai. Abin lura shi ne kowane ɓangare na iya jawo wannan ra'ayi gefensa. Masu neman satifiket suna ganin kansu a sahun ƙwarewa, tun da ba jami'a suka koma ba. Masu adawa kuma suna cewa an musanya bautar takarda ɗaya da wata ce kawai. Suna da abin nunawa, domin akwai kasuwar tambayoyin sata, inda waɗanda suka zauna jarrabawa ke fitar da tambayoyinta a tara a sayar, mutum ya haddace amsoshi ya ci ba tare da ya taɓa duba kundin da na'ura ke rubuta abin da ya gudana a cikinta ba. Ƙungiyoyin da ke bayar da shaidun sun haramta wannan, kuma suna soke shaidar wanda aka kama. Illarsa ta wuce mai yin sa, domin duk lokacin da mai riƙe da takarda ya kasa amsa tambaya mai sauƙi a gaban masu tantancewa, darajar takardar ce ke raguwa a hannun kowa. Kuma abin takaici ne mutum ya nemi shiga sana'ar da gaba ɗayanta riƙon amana ce ta ƙofar satar amsa.

Idan aka auna hujjojin biyu da adalci, za a ga cewa ba a kan abu ɗaya suke magana ba, kuma wannan ne ya sa gardamar ba ta ƙarewa. Masu goyon baya sun fi gaskiya a kan karatun, masu adawa sun fi gaskiya a kan farashi da alkawarin aiki. Karatun kansa kusan kyauta ne a yau: CompTIA na wallafa jerin abin da jarrabawarta ta ƙunsa, wani malami mai suna Professor Messer ya ɗora cikakkun darussan Security+ a YouTube ba tare da kuɗi ba, makarantar Cisco ta intanet tana da darussan share fage, kuma da manhajar VirtualBox mutum zai iya gina kwamfutoci biyu ko uku na kwaikwayo a cikin kwamfutarsa ɗaya, ya kai wa ɗaya hari daga ɗaya, ya buɗe manhajar Wireshark ya kalli yadda bayanai ke kai-komo a tsakaninsu. Ana iya sauke darussan a ajiye a waya a saurara a cikin mota, ta yadda cunkoson hanyar filin jirgi zai rage wani abu daga bashin lokacin da ya ci. Abin da ke da tsada shi ne zaman minti 90 ɗin, kuma babu dokar da ta ce sai an biya shi a ranar da aka fara karatu. Kuskuren da ya fi yawa shi ne a sayi tikitin jarrabawa da farko domin a tilasta wa kai karatu, alhali tikitin yana da wa'adi, sai mutum ya shiga ɗakin bai shirya ba saboda tsoron kada kuɗinsa ya ƙone.

Hujjar taura biyu ma tana raunana idan aka dubi irin aikin da ake magana a kai. Da mai karatun direba ne ko akawu, da aikin da karatun sun zama abu biyu masu gasa. Amma ga mai tallafin kwamfuta, babin da ya karanta da daddare shi ne matsalar da zai tarar da safe. Microsoft ya daina ba Windows 10 facin tsaro na kyauta a 14 ga Oktoban 2025, kuma ofisoshi da yawa suna da tsofaffin kwamfutocin da ba za su iya ɗaukar Windows 11 ba. Wanda ya zauna ya ƙidaya su, ya rubuta wa shugabansa haɗarin da ke tattare da barinsu da hanyoyin da za a bi, ya yi aikin tantance haɗari na gaske, wanda shi ne ɗaya daga cikin darussan manhajar. Haka wanda ya gano asusun ma'aikatan da suka bar aiki tun bara har yanzu a buɗe, ko ya gwada maido da bayanai daga ajiyar ko-ta-kwana ya ga ba ta aiki, ko ya tara abokan aiki ya nuna musu yadda saƙon tarko yake, wato imel ko saƙon waya da ke kwaikwayon banki domin ya karɓe kalmar sirri. Waɗannan su ne abin da zai faɗa ranar da aka tambaye shi me ya taɓa yi, kuma su ne fifikonsa a kan wanda ya fito jami'a da digirin tsaron intanet, irin wanda Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Minna ta daɗe tana bayarwa, amma bai taɓa riƙe tsarin da mutane ke dogara da shi ba. Saboda haka shawarar ajiye aiki domin a fuskanci karatu gadan-gadan ita ce mafi muni a cikin duk shawarwarin da ake bayarwa, domin tana zubar da abu ɗaya tilo da ke ba takardar ma'ana.

Akwai iyaka guda da ya wajaba a faɗa da babbar murya. Zumuɗin sabon ilimi kan sa ɗalibi ya so gwada kayan kutse a kan hanyar sadarwar ofishinsu, ko ya leƙa akwatin saƙon wani saboda mabuɗin yana hannunsa. Dokar 2015 ta ɗauki shiga tsarin kwamfuta ba da izini ba a matsayin laifi mai hukuncin tara ko ɗauri, kuma kyakkyawar niyya ba ta maye gurbin izini. Duk gwajin da za a yi a kan kayan ma'aikata sai da amincewar mai iko a rubuce, in ba haka ba a tsaya ga kwamfutocin kwaikwayo da dandalin atisaye irin TryHackMe, waɗanda domin haka aka gina su.

Ɓangaren da ba a cika saka shi cikin muhawarar ba shi ne mai ba da aikin, alhali shi ne ya fi kowa cin moriyar karatun. Shugabanni da yawa suna ƙin biya wa ma'aikaci jarrabawa saboda tsoron ya samu ya tafi, kuma tsoron yana da tushe, ganin yadda ƙwararrun kwamfuta suka riƙa barin bankunan Najeriya zuwa ƙasashen waje a 'yan shekarun nan. Amma ana magance wannan da yarjejeniyar cewa wanda aka biya wa zai ci gaba da aiki na wani wa'adi, ko ya mayar da kuɗin. Kuma kamfanonin da doka ta hau kansu sun riga suna zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashin shekara a Asusun Horar da Ma'aikata na ITF, wanda aka kafa a 1971, wanda kuma ke iya mayar wa kamfani har rabin abin da ya zuba idan ya horar da ma'aikatansa bisa ƙa'idojin asusun. Ma'aikatar da ke riƙe da bayanan marasa lafiya ko na ɗalibai ko na masu ajiya, ta bar mutumin da ke riƙe da mabuɗanta ba tare da horo ba, ta yi tsimin da bai kai kuɗin rana ɗaya ta tsayawar aiki ba.

Hukuncin da hujjojin suka fi karkata gare shi shi ne mai tallafin kwamfuta a Lugbe ya fara karatun ba tare da jinkiri ba, amma ya jinkirta biyan kuɗin har sai sharuɗɗa sun cika. Wanda bai san yadda adireshin kwamfuta ke aiki a hanyar sadarwa ba, ko yadda sunan shafi ke komawa lamba, da wannan ya kamata ya fara, domin tsaro a kan abin da ba a fahimta ba hadda ce kawai. Wanda albashinsa bai wuce biyan buƙata ba, shaida mai sauƙin kuɗi irin CC ko gurbi a shirin gwamnati ya fi dacewa da shi a karon farko, kuma bai kamata ya ci bashi mai ruwa daga manhajojin lamuni domin jarrabawa ba. Wanda kuwa ya shekara biyu ko uku a bakin aiki, yana cin tambayoyin gwaji na halal da rata mai kyau, ya kuma ga sunan Security+ a tallan guraben da yake nema, to a wurinsa dala 400 ɗin ta zama kuɗin da ke da dalili, kuma kafin ya taɓa ajiyarsa ya dace ya rubuta wa shugabansa takarda, ya lissafa kafofin da ya toshe a ofis tun da ya fara karatun, ya nemi a biya masa duka ko rabi.